Saniyar Baba Isiya da Tsinken Ƙarshe

Wancan makon wani cikinku, ku sababbin shiga sana'ar nan, ya tsaya a ƙofar shagon nan, yana bisa babur bai ko kashe shi ba, ya ce mini shi yanzu ya gama koyon allurar ciki, an yi musu horo na 'yan kwanaki an ba su takarda. Na ce masha Allah. Ya ce ai abin ba wuya, ka sa hannu, ka zura ƙarfe, ka matsa, ka wuce gida na gaba. Na sake cewa masha Allah, don in na buɗe baki a lokacin abin da zai fito ba mai daɗi ba ne. Yau da kuka zauna, rana kuma ta yi sanyi, bari in gaya muku abin da ban gaya masa ba.

Sunana Bawa, amma daga Gusau har Tsafe har Bungudu ba mai kirana da shi. Likita suke ce mini, ko mai tulu. Ni ba likita ba ne, na gaji da faɗa na bari. Aikina in ɗauki maniyyin bijimi da aka daskarar, mu iri muke ce masa, in kai shi cikin saniya ba tare da bijimin ya taka ƙauyen ba. Mutanen karkara suka sa wa abin suna allurar ciki, ko da yake babu allura ko ɗaya a cikinsa.

Ga tulun can a lungu, wanda kuke zama a kansa in na juya baya, kuma na hana. Ruwan naitirojin ne a ciki, ya fi ƙanƙara sanyi nesa ba kusa ba, in ya zauna a fatarka sai ya ƙone ka. A cikin ruwan nan tsinkayen iri suke kwance, 'yan siraran robobi, kowane da sunan bijiminsa a jiki. Da safe in na ɗaga murfin, wani farin hayaƙi yakan taso ya gangaro ta gefen tulun ya bi ƙasa, ba ya yin sama. Har yau nakan tsaya in kalle shi. Akwai bijimin da aka yanka aka cinye tun wasunku na rarrafe, amma 'ya'yansa suna nan a ciki suna barci, ba su san ubansu ya mutu ba. Ruwan kuwa kullum raguwa yake, ko ka buɗe ko ba ka buɗe ba. Ranar da ya ƙafe duk abin da ke ciki ya mutu, kuma ba za ka ji ko motsi ba.

Sauran kayan ba su da yawa. Filas na ruwan ɗumi, ɗumin jikin saniya, inda ake narkar da tsinke. Hantsaki na ɗauko shi, almakashi na yanke bakinsa, safar leda mai kaiwa kafaɗa, sai dogon ƙarfen da ake ɗura tsinken a ciki. A wurin horo bindiga ake ce wa ƙarfen nan. Mu a Zamfara mun daɗe da daina kiransa haka, musamman a shingen hanya.

Ubangidana Malam Ɗanjuma, Allah ya jiƙansa, mutumin Bungudu ne, ma'aikacin dabbobi tun zamanin da ake zuwa rigakafi a keke. Na daɗe ina goyon tulu a bayansa kafin ya bar ni in taɓa ko jelar saniya. Da ya ga lokaci ya yi, ba garke ya kai ni ba, kwata ya kai ni. Mahauta su ware mana mahaifar shanun da aka yanka, ya shimfiɗa ta a tebur, ya ɗaure mini ido da ƙyalle ya ce in zura ƙarfe. Bakin mahaifar saniya tauri gare shi, da zobban nama a ciki. A jikin mai rai ta dubura kake riƙe shi da hannun hagu, ka lallaɓa shi ya hau kan ƙarfen zobe bayan zobe. Ba ƙarfen ake turawa ba, naman ake sa wa ƙarfen, yadda ake sa wa ƙafa safa. In na yi gaggawa sai in ji ranƙwashi a ƙeya.

Aikin farko da ya ɗaure mini kai a 'Yandoto ne, gidan wani Alhaji Mamman mai awon hatsi. Saniyarsa ta fara neman sa tun asuba, tana ta kuka, tana tsayawa sauran shanu na hawanta, yauƙi mai haske na zuba daga bayanta. Muka iso da hantsi. Malam Ɗanjuma ya zagaya ta, ya sa hannu ya lalubo, ya cire safa ya wanke hannu, sai ya tambaya ko gidan akwai fura. Ya sha ya ƙoshi, ya shimfiɗa buzunsa a gindin ɗorawa ya miƙe. Alhaji ya zo ya tsaya a kansa.

"Malam, aiki na kira ka ko barci?"

"Aikin nika yi, Alhaji."

"Bijimi in ya ishe ta haka, jira shika yi?"

"Ni ba bijimi ba ne," in ji Malam Ɗanjuma, ya juya ya ba shi baya.

Sai da rana ta yi ja ya tashi ya yi mata, kuma ta kama. A hanya na tambaye shi dalili. Ya ce in ka ga alama da safe ka yi da yamma, in ka gani da yamma ka yi da safe. Na ce me ya sa? Ya ce haka aka koya masa, kuma shanu ba su taɓa ƙaryata shi ba. Iyakar abin da ya sani ke nan, ya kuma ishe shi har ya bar duniya.

Ni bai ishe ni ba, ina da ƙaiƙayin tambaya. Bayan rasuwarsa aka turo wata likitar dabbobi Gusau, Dakta Rabi, ita ke duba nama a kwata. Wata safiya ta same ni ina juya mahaifa a tebur, ta ce me nake nema. Na ce ina neman inda irin yake zuwa bayan na bar shi. Ba ta yi mini dariya ba. Ta karɓi almakashina ta bi reshen mahaifar, wanda muke kira ƙaho, har inda ya sirance, ta ɗaye kitse a hankali, sai ga wani ɗan bututu a nannaɗe, bai fi kaurin taliya ba. Ta ce wannan ce hanyar ƙwai. Na sha riƙe mahaifa a hannuna ban taɓa lura da shi ba.

Ta ce ƙwayoyin irin da nake zubawa ba su ƙirguwa, amma 'yan kaɗan ne ke isowa bakin bututun nan, kuma waɗanda suka iso ba wucewa suke yi ba. Kowace ƙwaya tana tafe da wani sinadari a kanta, furotin, da ta shafo daga ruwan bijimi. Bangon bututun shi ma yana da nasa furotin, a jikin wasu 'yan gasu da ido ba ya gani. Da na bijimi da na saniya suka haɗu sai su kama juna, ƙwayar ta kafa kai a bango ta tsaya. A nan saniya ke riƙe su. Ruwan bututun yana raya su, yana hana su ƙone ƙarfinsu da wuri, yana kuma gyara su a hankali, don a yadda suka zo ɗanyu ne, ba su iya shiga ƙwai sai sun nuna. In ƙwai ya kusa saukowa ruwan sai ya sake, furotin ɗin da ya manne su ya saki, su ɓalle kaɗan-kaɗan su haura su tarye shi.

Na ce, "Dakta, ashe zaure gare ta, inda baƙi ke zama kafin a yi musu iso."

Ta ce, "Ka kira shi haka in kana so, Malam Bawa. Amma ka riƙe abu biyu. Saniya ba ta sakin ƙwai tana tsakiyar neman sa, sai zafin ya wuce. Kuma irin bijimi sabo yana iya dogon zama, naka da ya sha sanyi ba ya iyawa. Daskarewa ta riga ta goge masa furotin ɗin nan, ba ya riƙe bango da kyau. In ka kai shi da wuri zai gaji ya mutu kafin ƙwai ya zo. In ka makara, ƙwan zai tsufa kafin shi ya nuna."

Sai na tuna Alhaji Mamman a tsaye kan ubangidana. Ashe shi ma da gaskiyarsa, bijimi ba ya jira. Nasa irin ne ke yi masa jiran a ciki.

Tun daga ranar aikin ya sake mini. Ƙarfena iyakarsa bayan zoben ƙarshe, a nan nake matsawa in janye. Daga nan zuwa bututun tafiya ce da hannuna bai taɓa yi ba, kuma ba zai yi ba. Wani lokaci na baro Tsafe bisa babur, dutsen Kwatarkwashi na tasowa a gabana, sai in tsinci hankalina ya tafi cikin bututun nan. Duhu, ɗumi, ruwa na tafiya a hankali, ga ƙwayoyin iri a jere sun kafa kai suna lilo kamar ciyawar da ke ƙarƙashin ruwa a gulbin Bungudu. Ba su gani, ba su ji, ba wanda ya yi musu alkawarin ƙwai zai zo. Saniyar kuwa tana can gindin itace tana tuƙa, tana korar ƙuda da jela, ba ta san tana riƙe da kowa ba. Sau da yawa hon ɗin babbar mota ne ke dawo da ni kan hanya.

Masu shanu iri-iri ne. Akwai alhazan bayan gari masu son madara, su irin shanun Turawa suke so, sai an haifi ɗan maraƙi mai baƙi da fari su zo suna kukan ba ya jure rana. Akwai Fulanin da ba za su bar ka ka matso ba sai ka faɗi uban bijimin da uwarsa, da garin da ya tashi. Wata tsohuwa a Wanke ta taɓa cewa in buɗe tulun ta gaida baƙin da ke ciki tukuna, na buɗe, ta leƙa cikin hayaƙin ta ce sannunku da hanya. Kuskuren da ya fi cin mini man babur kuwa shi ne na jini. Bayan zafin neman sa ya wuce da 'yan kwanaki wasu shanu kan zubar da ɗan jini a jela. Mai saniya na gani sai ya bugo waya cewa ta shirya, in zo maza. Jinin nan shaida ce an riga an gama, ƙwai ya sauko bai sami kowa ba ya wuce. Ku kuma naku kuskuren na gaggawa ne. An kira ku da safe kun yi da safe, don akwai wani gida da ke jira. Saniya ba ta kama ba, ku ce iri ne ba kyau, mai ita ya ce allurar ciki ƙarya ce, ni da ban ji ba ban gani ba a haɗa da ni a zaga.

Shekarar da ta fi muni ba sai na gaya muku wacce ba ce, kowannenku akwai abin da gidansu ya rasa a cikinta. Ɓarayin daji suka kore garkuna daga ƙauyuka, waɗanda ba a kore ba masu su suka sayar ko suka yi kudu da su. Wayata ta yi shiru. Motar da ke kawo mana naitirojin daga Zariya ta fara jinkiri, daga nan ta daina zuwa. Da baƙar sanda ake auna ruwan tulu, ka tsoma ka ciro ka kaɗa a iska, inda ya yi fari nan ruwa ya tsaya. Ni dai farin nan sauka yake ta yi. Abin da ya rage mini a ciki tsinke ɗaya ne, na wani bijimin Bokolo, irin shanunmu na nan masu tozo da leɓe.

A lokacin ne Baba Isiya ya neme ni. Tsoho ne manomi a wata 'yar unguwa bayan Wanke, shanunsa gadon ubansa ne. An kore su duka a safiya ɗaya har da bijiminsa. Ɗaya ta tsira, wata farar tsohuwar saniya da yake kira Auta, don ranar tana ciwon kofato an ɗaure ta bayan rumbu. Ba ɗa, ba nono, haƙoranta sun fara cinyewa, kuma duk yankin ba sauran bijimi ko na magani. Babban ɗansa Lawali ya ce a kai ta kasuwa tun tana da nama, kafin rani ya zo a rasa abin ba ta. Ba mugunta ba ce, gidan da yara. Baba Isiya ya roƙi arziki ɗaya, a bari a gwada mata allurar ciki. In ta kama, a riƙe ta. In ba ta kama ba, mahauci ya ɗauka.

Zuwana na farko jini ya kira ni, kamar kowa. Na duba na ce masa an makara, ya bari ta zagayo, ya sa ido a kan kuka da yauƙi, ba jini ba. Abin da ban gaya masa ba shi ne ruwan tuluna zai kai wannan zagayowar da ƙyar, ba zai kai ta bayanta ba.

Ranar da ta zagayo ƙarshen damina ne, dawa ta yi tsawo ta rufe hanya hagu da dama, lokacin da kowa ya fi tsoron tafiya. Ya bugo bayan sallar asuba, na ɗaure tulu na iso da hantsi. Auta na ta kuka tana zagaya turke, in ka dafa bayanta sai ta tsaya cak ta kauda jela. Na sa safa na shiga. Mahaifa ta yi tauri yadda ake so, amma ƙurjin da ƙwai ke ciki yana nan ƙam a ƙarƙashin yatsana, bai ko fara laushi ba. Zafin yanzu ya soma. Na cire safa na wanke hannu, na ja tulun inuwar tsamiya na zauna.

Baba Isiya ya dogaro sandarsa ya zo. "Likita, mi kaka jira?"

"Ba ta kai ba, Baba. Sai rana ta kusa faɗuwa."

"Bayan azahar ba mai bin hanyag ga, ka sani. Ka yi mata ka tahi."

"In na yi yanzu ba za ta kama ba."

"In ta kama ta kama, in ba ta kama ba Allah bai nuhwa ba. Kana da ɗiya, Likita. Ban son a ce wajen naggeta aka ɗauke ka."

Lawali ma ya matso, shi da ɗan zafi. Ya ce baƙon babur da tulu mai ƙyalli a unguwa abin magana ne, kada in ja musu abin da ya fi saniya. Gaskiya ya faɗa, kuma na ji tsoro ƙwarai. Na dubi tulun na dubi hanya. Da na yi a lokacin da na isa gida kafin azahar, Baba Isiya ya sa mini albarka, in ba ta kama ba kowa ya ce tsufa ne. Ba wanda zai taɓa sanin cewa da in zuba irin a cikinta a lokacin da in zuba shi a ƙasa duk ɗaya ne. Ni kaɗai zan sani. Na ce wa Lawali ya tura babur ɗin cikin ɗaki ya rufa wa tulun buhu, ni dai ina nan.

Ban taɓa zama a wuri mai shiru irin na unguwar nan ba. Turaku a jere ba komai a jikinsu, ciyawa ta fito a inda shanu ke kwana. Balbelun da suka saba bin garke duk sun taru a kan saniya ɗaya, suna takawa a hankali kewaye da ita. Mata na daka amma kamar ba su son turmin ya yi ƙara. Aka kawo mana fura ba nono, da tsamiya aka dama. Muka yi azahar a gindin itacen, muka koma muka jingina.

Can Baba Isiya ya ce in gaya masa abin da ake jira, tunda dai an zauna. Na gaya masa yadda Dakta Rabi ta gaya mini, da bututun, da yadda suke kafa kai a bango, da yadda ake sakinsu in ƙwai ya taho. Ya saurara idonsa a kan Auta.

"To wa ka gaya musu lokaci ya yi?"

"Ita, Baba. Ruwan jikinta ne ke sakewa."

"Ta san tana yi?"

"Ba ta sani ba."

Ya sake duban Auta. Sai ya ce, "Tun ban kai tsawon sandag ga ba nika kiwo, ban san da masu jira a ciki ba."

Daga nan ya shiga lissafa mini iyayen Auta, ba don na tambaya ba. Ita ɗiyar Gwamma ce, Gwamma ɗiyar Fara mai karyayyen ƙaho, ita kuma ɗiyar wata ja da ubansa ya samo a hannun wani Bafillace shekarar da aka yi fari. Yana faɗin halin kowace, wadda ba ta yarda mace ta tatse ta, wadda ke buɗe ƙyauren danga da ƙaho, wadda ta haihu a cikin gulbi. Muryarsa na tafiya a hankali, inuwar tsamiya na matsawa, ni kuma barci na fizgata, har na riƙa ganin kamar shanun suna shigowa ɗaya bayan ɗaya kowace na tsayawa a turkenta. Ana cikin haka muka ji ƙarar babur daga cikin dawa. Dakan ya tsaya. Wata mata ta fizgi ɗanta ta shige ɗaki. Ba wanda ya motsa har ƙarar ta matso, ta fito fili, ashe wani mutumin unguwar gaba ne ya ɗauko buhun gawayi. Baba Isiya ya ci gaba daga saniyar da ya tsaya.

Da rana ta yi ja kukan Auta ya ragu, ta fara kula ciyawa. Na sake shiga, ƙurjin ya yi laushi. Na ce Lawali ya riƙe mini kanta, Baba Isiya ya riƙe jela, ya ce ba wanda zai riƙe sai shi. Na ɗaga murfin tulu, hayaƙin ya fito ɗan kaɗan. Na ɗauko tsinken da hantsaki na jefa a filas, na goga ƙarfen a cikin rigata ya yi ɗumi, don sanyin ƙarfe kaɗai ya isa ya kashe su. Na ciro tsinken, na share ruwan jikinsa, na yanke baki, na ɗura. Na yi bisimilla. Bakin mahaifar tsohuwar saniya a karkace yake, haihuwa ta lanƙwasa shi, zobe na biyu ya ƙi hawa. Na tsaya na bar ta ta numfasa, na lallaɓa, ya hau, na ƙarshe ma ya hau, na ji kan ƙarfen a ƙarƙashin yatsana inda ya kamata. Na matsa a hankali, a hankali, har ya ƙare. Na janye na shafa bayanta. Baba Isiya bai saki jelar ba sai da na ce masa an gama.

A gidansa na kwana, ba abin da ya faru, da safe na kama hanya. Ba a yi mako ba sandar awo ta fito baƙa ƙirin daga tulun.

Kafin a gama yankan dawa unguwar ta watse. Na ji a bakin masu zuwa kasuwa cewa an shiga unguwar gaba, su kuma suka kwashe abin da za su iya suka fita. Wayar Baba Isiya ta daina shiga. Watanni suka wuce ban san inda suke ba, ban san ko Auta na raye ba, balle ko ta kama. Nakan tuna ta in na ga farar saniya a hanya.

Wata safiya cikin rani Lawali ya yi sallama a ƙofar shagon nan, ya rame har ban gane shi ba sai da ya yi magana. Ya ce suna Bungudu gidan surukansa, an ba su ɗaki biyu. Baba ya kwanta, ba ya tashi. Auta ta zama ƙashi da fata, ba harawa ba dusa sai abin da yara suka tsinto, kuma mahauci ya zo ya gani, yau zai tafi da ita. Na ce ta sake neman sa tun bayan zuwana? Ya ce wa ya tsaya dubawa ana gudu. Ko da sun duba ma, saniyar da ke jin yunwa ba ta nuna alama, da ciki ko ba ciki. Ya ce Baba ya rantse ba mai sa mata igiya sai Likita ya sa hannu.

Na same ta a wani ɗan lungu, ɗaure a gindin dalbejiya jikin katanga. Mahaucin na zaune a benci da igiyarsa a cinya, muka gaisa, na san shi tun zamanin kwata. Ya ce, "Likita, kada ka ɓata lokacinka, wagga ba komi cikinta sai iska." Na sa safa na shiga.

Ƙahon mahaifa na dama ya kumbura ya gangara ƙasa, cike da ruwa. Na lalubi jijiyar da ke kai masa jini, na ji tana zirr a ƙarƙashin yatsana, abin da ba ta yi sai da dalili. Na ɗan buga ruwan da tafin yatsu na tsaya. Wani abu ya tafi, ya dawo, ya taɓa ni. Na sake bugawa, ya sake dawowa. Na daɗe da hannuna a ciki fiye da yadda aikin ke bukata, goshina a jingine da ƙugunta, don na ji idona ya kawo ruwa kuma ba na son mahauci ya gani.

Ban tsaya wanke hannu ba na shiga ɗakin. Baba Isiya na kwance a tabarma fuskarsa na duban bango. Na durƙusa na ce, "Baba, Likita ne. Auta ta kama."

Ya juyo a hankali. "Ka ji shi?"

"Ya taɓa mini yatsa har sau biyu."

Ya rufe ido, leɓɓansa na motsi. Da ya buɗe ya ce, "Lawali, ka ba mahauci haƙuri. Kuma ku jawo tabarmag ga bakin ƙohwa, inda nika ganinta."

Muka kama tabarmar ni da Lawali da shi a kai, ba nauyi, muka ja ta har bakin ƙofa. Lawali ya tare masa kai da filo ya fita wajen mahaucin. Na bar Baba yana kallon lungun, ba ya ko ƙiftawa.

Bai ga haihuwar ba, Allah ya yi masa rasuwa kafin ruwa ya sauka. Da damina ta zauna Auta ta haifi mace, a gindin dalbejiyar nan, daidai inda yake kallo.